Kada Ki Zo Ranar Asabar, Yaya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririyarmu da har yau a hoto kawai na san ta. Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya mana ita. Baba lafiyarsa lau, yana fita shago. Mama kuwa, tun da kika ce za ku zo ranar Asabar, sau biyu ta wanke labulen ɗakinki.

Yaya, kin san baki nauyi yake min, shi ya sa na rubuto. Mura ta shigo gidanmu, ba irin ta atishawa biyu a wuce ba, mai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, kuma ni na kawo ta. Littafin soyayyar nan da kika bar min a ƙasan akwati na kai makaranta, ya zaga hannun mu shida ta ƙarƙashin benci. Wadda ta karanta kafin ni tana ta sharce hanci, na ɗauka rabuwar masoyan ce ta sa ta kuka, ashe mura ce. Ni kuma kin san halina, sai na lashi yatsa nake buɗe shafi. Kwana huɗu na yi a kwance. Ina tashi Kaka ta kwanta, don kofinmu ɗaya.

Nas ɗin da ta duba Kaka ta ce tari da atishawa ke yaɗa ta, da hannun da ba a wanke ba. Ta sa mun buɗe tagogi, kowa da kofinsa, ga sabulu a bakin famfo, in mun warke kuma mu je allurar rigakafi. Da na ce mata jaririyar wata biyu na tafe, sai ta ajiye biro, ta ce ƙirjinta ba zai ɗauka ba, a jira sati uku.

Mama ta ce kada a faɗa miki, wai kafin Asabar komai ya wuce. Kada ki ga laifinta, shekara biyu rabonta da ke. Kaka ma cewa take ganin ƙawarta, wato jaririyar, shi ne maganinta, amma yanzu haka ina jin tarinta ta bango.

Don Allah kada ki zo, Yaya. Ni da nake ƙirga kwanaki a bayan littafin lissafi, sau nawa na gan ki a raina kina sauka daga mota kina miƙo min jaririyar! Na san Mama za ta yi fushi da ni, na yarda.

Na saƙa mata safa ruwan hoda. Ki auna min ƙafarta da zare ki aiko, in ta yi kaɗan kafin ku zo in warware in sake.

Ki gaida maigidanki da surukarki, ki sumbatar min goshin 'yata. Sai da na wanke hannu da sabulu na taɓa takardar nan.

Taki mai kewarki,
Auta