Tafashiyar Masanawa da Kuka Tone

Zuwa ga Shugaban Masu Binciken Saiwoyin Magani.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ni ne Garba, manomin gyaɗa a Masanawa ta ƙasar Kabo, kuma raina a ɓace nake rubuto maka.

Na farko, da kakar bara, ina Gwarzo wajen awon gyaɗa, ma'aikatanka suka zo garinmu da mota. Suka ce wa mahaifiyata, Inna Hassu, za su ɗebi saiwar bishiyar tafashiya su tace maganin da ke cikinta, su gwada a jikin ɓeraye ko zai kashe zazzaɓin cizon sauro. Ta yi murna, ta kai su fadamarmu da ƙafarta. Abu ɗaya ta roƙa: su yanki gefe guda, su mayar da ƙasa. Da na dawo, ramuka na tarar. Duk bishiyoyin da kakana ya bari sun tumɓuke su, ko ɗaya ba su rage ba.

Na biyu, da damina ta kankama zazzaɓi ya kama 'yata Ladi. Inna ta zaga fadama tana tona da hannu, ba ta samu ko guntun saiwa ba. Na ɗora yarinyar a jaki zuwa asibitin Gwarzo, rafi ya cika ya tsare mu a hanya. Kafin mu isa ta cika.

Ban ce tafashiya za ta hana ajali ba, rai na Allah ne. Amma tsohuwar nan har yau cewa take ita ta nuna muku hanya, ta daina cin abincin kirki.

Na uku, shiru kuka yi mana. Ɓerayen sun warke ko sun mutu? Su kun san halin da suke ciki, mu ko leƙowa ba ku yi ba.

Ina neman ka aiko a dasa mana tafashiya a kowane rami. In kun samu maganin, a fara kawo shi Masanawa. Sannan wanda ya ba da umarnin tonon ya zo da kansa ya durƙusa gaban Inna, ya gaya mata laifin ba nata ba ne. Ni na faɗa mata, ba ta yarda ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya raya maka naka 'ya'yan.

Wassalam.

Garba Masanawa