Dattijo Mai Kaji

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ya karatu da wahalar asibiti? Mama da Baba suna gaishe ki. Kajina ma lafiya, farar nan ta ƙyanƙyashe bakwai.

Yaya, akwai maganar da na kasa faɗa wa kowa. Da tsohuwar wayar da kika bar mini na shiga wani zaure na masu kiwon kaji. Kin san ni, ko a aji aka kira sunana murya ta maƙale. Sai na sa wa kaina suna Dattijo Mai Kaji, da hoton zakara. In an yi tambaya nakan faɗi abin da na gani a kejina. Manya suka fara ce mini ranka ya daɗe. Har Baba yana zauren, don shi ma yana kiwo. Ran nan ya karanta wa Mama amsata da ƙarfi, ya ce, "Kin ji masu ilimi." Alhali da safe na faɗa masa haka da bakina, ya ce in je in share tsakar gida.

To, makon jiya Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarmu, ta rubuta cewa 'yan tsakinta arba'in suna rawar sanyi saboda ruwan nan. Na ce ta sa musu kaskon gawayi ta rufe ƙofa, don haka nake yi. Ban tambaye ta ɗakin ba. Nawa kejin waya ne, iska tana shiga. Nata sito ne, ko taga babu. Hayaƙi ya kashe talatin da ɗaya.

Jiya ta shigo wurin Mama idonta jawur. Ta ce da su ta so ta mayar da 'yan biyu makaranta. Ta ce, "Wannan dattijon, in na san gidansa, sai ya gaya mini a ina ya koyi kiwo." Ni ce na miƙa mata ruwa, Yaya.

Zan iya goge sunan yau, babu mai sani har abada. Tun jiya yatsana yake kai wurin yana dawowa.

Ki yi mini addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Na ga saƙonki, na gode da ba ki yi mini faɗa ba.

Na je gidan Maman 'Yan Biyu. Na same ta tana wanke siton. Daga bakin ƙofa na fara maganar rabi-rabi, sai wayar na miƙa mata. Ta duba zakaran, ta dube ni. Na jira zagi, ba ta zaga ba. Cewa ta yi, "Auta, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Da sunanki na gani, da na leƙo na kira ki kin ga ɗakin da idonki."

Wannan ya fi zagi ciwo. Na ba ta 'yan tsakina bakwai, ta karɓi huɗu. Har yanzu gaisuwarta gajeriya ce.

Na cire zakaran, na sa sunana na yanka da na Baba, na rubuta abin da ya faru. Wasu sun yi dariya, wani ya ce ashe jaririya ke koya mana. Tambayoyin sun ragu sosai. Wani lokaci ina kewar dattijon nan, don shi ana saurarensa.

Baba ma ya karanta. Yau da safe sai na gan shi tsaye gaban kejinsa, hannu a baya. Bai juyo ba ya ce, "Ke, wannan jar me ya sa take rufe ido?"

Na ce masa bari in zo in gani tukuna.

Ki gaida ƙawayenki.

Taki,
Auta