Taubashina ya gwada lasifikarsa da muryar da aka ba ni amana

Assalamu alaikum 'yan zaure. Admin, a saka mini wannan ba tare da sunana ba. Masu gyaran na'ura da masu sanin zaman mutane, duka ina bukatarku, don Allah ku ba ni shawara, tun shekaranjiya raina yake tashi.

Ni ma'aikaciyar wani gidan radiyo ce a nan Damagaram, ina gabatar da shirin manoma. Bara aka yi mana horo kan tsare bayanai, wanda ya koyar da mu ya saka mini wani tsari a ordinater ɗina, wato kwamfuta, da ba irin wanda kowa ya saba da shi ba. Shi wannan tsarin, kowane aiki da ɗakinsa. Ɗakin shiga intanet daban, ɗakin da nake ajiye muryoyin mutane daban kuma ba shi da ƙofa zuwa intanet ko kaɗan, ramukan da ake soka kile, wato filashin ajiye bayanai, da wayar rakoda su ma ɗakinsu daban. In na soka rakoda sai na ba da izini da hannuna kafin ta isa inda nake so. Akwai wahala, amma na saba, kuma hankalina yana kwance in mutum ya ce mini kada sunansa ya fita.

Makon jiya na yi hira da wata mata daga wani ƙauye a yankin Gouna, tana cikin ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa. Ta faɗa mini yadda irin gyaɗar da ake kawo wa ƙungiya yake ɓacewa daga sito, ya bayyana a kasuwa. Mai riƙe da makullin siton yayan mijinta ne, gida ɗaya suke. Ba a ƙauyen muka haɗu ba, gidan wata 'yar uwarta ta same ni a unguwar Birni. Kafin ta buɗe baki sai da ta sa na yi mata alkawari sau biyu cewa zan sauya muryarta. Ta ce, "'Yar nan, in aka gane ni, ba ni da wurin kwana a gidan nan." Na ce mata, "Inna, ko shugabana ba zai ji muryarki ta ainihi ba."

Rabin farko na hirar na kwashe shi cikin na'urar lafiya. Washegari na sabunta tsarin, daga nan ɗakin ramukan ya ƙi tashi. In na soka rakoda shiru, in na soka kile shiru, rabin hirar na biyu ya maƙale a cikin rakoda. Na kashe na kunna, na sauya waya, na gwada kowane rami, na koma kan tsohon zubin tsarin, na duba saitin da ake shiga kafin na'ura ta tashi, komai yana nan yadda aka bar shi. Na rubuta wa zauren masu amfani da tsarin, wani ya ce in turo bayanan da na'urar take fitarwa, na tura, wani ya ce irin ordinater ɗina dama ramukanta suna gardama kuma akwai layin umarni da ake ƙarawa, amma bai faɗi layin ba. Wanda ya saka mini tsarin yana Yamai, wayarsa ba ta shiga. Ga ranar shiri tana matsowa.

Shi ya sa na kai na'urar wurin taubashina, ɗan kawuna, mai rumfar gyaran waya da ordinater a bakin kasuwa. Yana ganina ya fara, wai ga Madam Sirri ta zo da akwatin aljanu. Da ya ga fuskar na'urar sai ya yi dariya, ya ce in ba shi ya yi mata formate, ya goge komai, ya saka abin da mutane suke amfani da shi. Na ce a'a. Na zauna na yi masa bayanin ɗakunan, na ce ramukan kawai nake so su tashi, kada ya soka komai nasa, kada ya buɗe komai nawa. Ya ce ya ji. Ni na buɗe ta da hannuna, ban ba shi kalmar sirri ba, na zauna kusa da shi ina kallo. Sai shef ɗina, shugabana a wurin aiki, ya kira, rumfar kuma ba a jin magana saboda kiɗa, na fita bayan layin masu kayan miya don in amsa, na bar na'urar a buɗe.

Ina dawowa, tun daga nesa, na ji muryar matar nan tana fita daga babbar lasifikar da ke ƙofar rumfa. Sarai, ba sauyi, tana ambaton siton, tana cewa yayan maigidanta. Ku da kuke wannan sana'a kun san al'adar, in an gama gyara sai a jona lasifika a kunna abin da aka fara samu don mai kaya ya ji sauti yana fita. Abin da ya yi ke nan. Ni ban kai masa matsalar sauti ba, amma hannunsa ya saba. A kan bencin rumfar akwai mutane suna jiran wayoyinsu, cikinsu har da wani ɗan kabu-kabu da ke ɗaukar fasinja hanyar Gouna. Kafin in fizge wayar lasifikar na ji ya ce, "Kai, wannan murya na san ta." Bai faɗi suna ba, ya dai yi murmushi ya karɓi wayarsa ya tafi.

Da na duba gyaran ma sai abin ya ƙara ba ni ƙyama. Ɗakin ramukan da ya ƙi tashi, share shi ya yi gaba ɗaya, ya haɗa ramukan kai tsaye da uwar tsarin, wurin da aka gina komai don kada wani abu daga waje ya taɓa. Sannan ya gwada da kilensa, wannan baƙin kile mai igiya da ke shiga kowace waya da kowace na'ura a kasuwar. Na yi masa magana, ban ɗaga murya ba. Amsarsa ita ce, tana aiki ko ba ta aiki? Wai tsohuwa ce take surutun gyaɗa, ba sirrin soja ba ne, kuma ni boko ya sa nake ganin kowa ɓarawo. Kafin in isa gida ya riga ya kai ƙarata wurin mahaifiyata cewa na wulaƙanta shi gaban masu kawo masa aiki. Ita kuma ta ce in je in ba shi haƙuri, ɗan ƙaninta ne kuma bai karɓi ko dala ba. Ban iya yi mata bayani ba, don bayanin kansa fallasa ne.

Na'urar tana rufe a cikin jaka, ban sake kunna ta ba. Masu sani, ku gaya mini, tsarin da aka yi wa haka ana sake yarda da shi, ko sai na kwashe muryoyin na goge komai na sake sakawa? Kuma wane layi ne ake ƙarawa ramukan su tashi a ɗakinsu, don kada in sake kai ta hannun kowa?

Amma abin da ya hana ni cin abinci shi ne matar. Ba ta da waya, ta ɗanta take ara, kuma ɗan yana noma tare da mai siton. In na je ƙauyen da kaina, duk wanda ya ga 'yar radiyo ta shiga gidan ya gama haɗa lissafi. In na saka shirin ko da na sauya muryar, wanda ya ji ta a kasuwa zai tabbatar. In na janye shirin, ta sa zamanta cikin haɗari a banza, iri kuma ya ci gaba da ɓacewa. Mai yiwuwa ɗan kabu-kabun ya manta, mai yiwuwa kuma labarin ya riga ni isa.

'Yar uwarta ta Birni ce kaɗai hanyar da nake da ita. In aika mata ta kirawo matar in faɗa mata gaskiya, ita ta zaɓa ko a saka shirin ko a bari? Ko in janye shi shiru, in bar ta tana zaton muryarta tana nan inda na ce zan ajiye ta? Jibi ne ranar shirin, kuma gobe da safe shef yake jiran amsata.