Zuwa ga Inna, Wadda Ta Hana a Sa wa Ɗanta Mari

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, da fatan kabari ya yi muku faɗi, ni ce Rabi, matar ɗanku na fari. Na san wannan takarda ba za ta iske ku ba. Amma akwai labarin da kuka tafi ba ku ji ƙarshensa ba, yau nake son in ba ku shi.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi aka kawo ni gidanku a Jega Firchin, daga Katanga. Lokacin ɗanku, Baban Hadiza, yana jan babbar mota, yana kai albasa daga Aliero zuwa Kudu. In ya dawo, warin albasa ke riga shi shiga gida, ku kuwa sai ku kau da kai kamar ba ku gan shi ba, don kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunansa a bakinku ba. "Wancan" kuke ce masa.

Albasa in ta daɗe a hanya ruɓewa take yi, shi ya sa abokan tuƙinsa suka koya masa ƙwayar hana barci. Daga baya in ya dawo gida barcin ya ƙi zuwa, sai ya nemi wata ƙwayar mai sa barci, ya haɗa da wiwi. Ya rame, idonsa ya yi ja, mai motar ya karɓe makullinsa.

Kun ga abin da ya biyo baya. Ɗiyarmu Hadiza, wadda ke gudu ta tare shi a zaure, ta koma in ta ji muryarsa sai ta ɓuya bayan rumbu. Ranar da ya shure tukunyar tuwo a tsakar gida, ku kuka durƙusa kuka taya ni kwashewa. Da Babana ya zo daga Katanga zai tafi da ni, kuka ja ni ɗaki kuka ce, "Ɗiyata, in kin tahi ba ki yi laihi ba. In kin zamna, ni da ke muka ɗaukar shi." Na zauna, Inna. Rabin zaman nan don ku na yi shi.

Kawunnansa suka zo daga Andarai, suka ce akwai wani malami wajen Maiyama da ke sa wa irinsu mari har su shiryu. Kowa ya yarda, ban da ku. Kuka ce, "Wanga ciwo na. Mai ciwo magani aka yi mai, ba a ɗaure shi." Wata maƙwabciyarmu mai aikin jinya ta gaya muku akwai asibiti a wajen Sakkwato inda likitoci ke kula da masu shaye-shaye, kuka kafe sai can.

Inna, daga nan ki bar ni in ce miki "ke", don abin da na gani a tashar Jega ba suruka ce ta yi shi ba, uwa ce.

Ya ƙi shiga mota. Ƙannensa biyu suka riƙe shi yana fizgewa, 'yan kamasho da masu talla sun taru suna kallo. Sai kika ratsa mutane, kika kama hannunsa, kika kira shi da sunansa na yanka, da ƙarfi, a gaban kowa. Ya tsaya cak yana kallonki, kamar yaron da aka tashe shi daga barci. Ya sunkuyar da kai, ya shiga da ƙafarsa.

Yana can damina ta faɗi, ciwon ƙirji ya kwantar da ke. Muka ce a ɗauko shi ya gan ki, kika hana. Kika ce, "Ku bar shi ya ƙare maganinai. Ganina ba ya warkar da shi."

Ga abin da ba ki gani ba. Bayan an kai ki makwancinki, na je asibitin, na gaya masa rasuwarki a gaban likitansa. Ya yi kuka, ya ce sai ya bi ni gida. Da na faɗa masa abin da kika ce, sai ya share fuska ya ce wa likita zai zauna.

Ba zan ɓoye miki ba, ya sake zamewa sau ɗaya bayan an sallame shi. Amma shi da kansa ya ce in raka shi mu koma, kuma ba su kore shi ba, ba su zage shi ba. Tun daga nan bai ƙara ba.

Ya bar tuƙi. Yana noman albasa a fadamar Aliero, ya yi ƙiba har rigunansa sun matse shi. Hadiza ta daɗe tana ɗari-ɗari da shi, shi kuwa bai matsa mata ba. Wata rana na fito daga madafa na tarar da ita ta jingina da kafaɗarsa, tana yi masa karatun allonta. Na koma ciki na yi kuka na ƙoshi.

Yanzu mata kan zo mini a ɓoye, wata mijinta, wata ɗanta, suna tambayar hanyar asibitin nan. Nakan kwatanta musu, wani lokaci Baban Hadiza ya raka su da kansa.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki kurakuranki. Yadda kika rufa wa ɗanki asiri, Allah Ya rufa miki naki ranar tsayuwa. Ya ba duk gidan da ke cikin irin halin da muka shiga sauƙi da mai tsaya musu.

Ɗanki ya warke, Inna. Ki huta.

Taki har kullum,
Rabi