Janaretan Aro

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Malam Rabe na ma'aikatar lafiya ya kira ni. Wai ran Alhamis baƙi za su zo asibitinmu na Rigasa. Shiri ne na haɗin gwiwa tsakanin Jamus da Kenya da ƙasarmu, za a sa wa ƙananan asibitoci sola. Ashirin za a duba, takwas za a ɗauka. Ya ce, "Hajiya Saratu, don Allah kar a ba mu kunya." Ni da na shekara shida riƙe da wurin nan za a koya wa tarbar baƙi?

Firjin riga-kafinmu ya mutu tun bara, takardu muke zubawa a ciki. Allura sai ran Talata, a kular ƙanƙara ake kawo ta, kafin azahar mu mayar da saura. Uwar da ta zo wata rana daban haka za ta koma da ɗanta. Wannan kaɗai nake so a gyara mini.

Laraba, 7 ga Mayu
Yahaya ƙanen maigida ya ara mana babban janaretansa. Na sa an ɗauko firjin gidana daga Badarawa, mataccen kuma aka tura shi sito aka lulluɓe da zani. Sababbin ƙwayayen fitila, fanka biyu na aro. Aminatu ungozoma ta riƙe ƙugu ta ce, "Anti, biki za a yi?" Na ce mutane ba za su taso daga wata ƙasa su zo su ga tsiraicinmu ba.

Alhamis, 8 ga Mayu
Sun zo. Wani dogon Bature, da wata injiniya 'yar Kenya, Wanjiru. Ƙaramar mace, amma kai, Allah ya yi mata zuciyar aiki. Lemon da na ajiye har ya huce ba ta zauna ba. Ta gaida matan da ke kan benci da 'yar Hausar da ta koya a mota, ta ari tsani ta hau rufi da kanta, ta sauko da tsatsa a gwiwar wando ko a jikinta.

Ta ce kafin a ƙara wuta, sai an fara toshe inda take tsiyaya. Ta nuna mini tsohuwar fankar ɗakin haihuwa, wai ita kaɗai tana cin wutar sababbi uku. Abin da ya fi tsaya mini a rai: a gaban kowa ta ce a ƙasarsu sun yi kuskure da farko, sun kafa sola ba su koya wa ma'aikata kula da ita ba, cikin shekara biyu rabi ta mutu. "Shi ya sa muka zo, kar ku maimaita namu." Ban taɓa ganin babban ma'aikaci ya faɗi kasawar gidansu a gaban baƙin ido ba. Ta burge ni ƙwarai.

Da za su tafi ta nuna janareta ta ce kullum yana aiki? Na ce, "Alhamdu lillahi." Ban ce e ba. Ban kuma ce a'a ba.

Laraba, 21 ga Mayu
Jerin farko ya fito. Mu ne na goma sha huɗu. Dalili a rubuce: suna da janareta mai ƙarfi da firji mai aiki, buƙatarsu ba ta gaggawa ba ce.

Da hannuna na jawo mana. Ban iya cin abinci ba.

Alhamis, 22 ga Mayu
Wata yarinya ta zo da jariri daga can bayan layin dogo, a ƙafa. Na ce ta dawo Talata. Ba na jin za ta dawo.

Litinin, 26 ga Mayu
Na faɗa wa Malam Rabe gaskiya. Ya ce in yi shiru, in magana ta fita cewa za a yi ma'aikata ta yaudari baƙi, wataƙila su janye gaba ɗaya. Ban ga laifinsa ba, tsoro ne, ni ma ina ji. Aminatu kallo ɗaya ta yi mini.

Bayan la'asar na nemo katin da Wanjiru ta bar mini. Sau uku ina danna lamba ina kashewa. Na ce mata janaretan da firjin duk na aro ne. Turancina duk ya gudu, amma ta fahimta. Ta ce, "Na gode," kawai.

Talata, 3 ga Yuni
Ta dawo ba sanarwa, ita kaɗai da direba. Kayan aro sun koma wurin masu su, ba wuta, zafi, mata sai fifita suke da katin awo. Na kai ta sito na yaye zanin. Ta buɗe firjin, takardu suka zubo mata a ƙafa. Na so ƙasa ta tsage.

Ba ta yi faɗa ba. Ta tsuguna muka kwashe tare. Ta ce namu ne na uku da ta yi zargin an yi wa kwalliya, ni kaɗai na kira. Ta ce rabin laifin nasu ne, su da suka sanar da ranar zuwa; a garinsu ma uwarta haka za ta yi wa baƙo. Masu zuba jari a shirin, in ji ta, su za su riƙa gyaran kayan shekara goma, in aka ba su lissafin ƙarya, batir ne zai mutu a hannunmu, su kuma su ƙi zuwa jiha ta gaba. Ta maƙala wata 'yar na'ura a bango ta auna wutarmu na mako biyu, ta ce duk ashirin ɗin za a sake dubawa.

Mace ɗaya, ba hayaniya, ta gyara tsarin ƙasa uku. Ina ma 'yata ta tashi haka.

Laraba, 18 ga Yuni
Takardar neman bahasi daga ma'aikata, don me na tsallake na sama da ni. Na amsa. Malam Rabe ya daina amsa gaisuwata da kyau. A kwana goma sha huɗu, awa talatin da ɗaya muka samu wuta. Na'ura ta faɗa, ba ni ba.

Alhamis, 11 ga Satumba
Mun shiga cikin takwas ɗin, an sa mana sola, mako uku ke nan da kunna sabon firji. Aminatu da ni aka koya wa duba batir, har ta fi ni iyawa. Yau Alhamis, yara goma sha ɗaya muka yi wa allura. Waccan yarinyar ta bayan layin dogo ba ta cikinsu, na duba.

Mutanen masu zuba jari sun zo da Malam Rabe. Ɗayansu ya tambaya ko akwai sauran matsala. Malam Rabe ya kafe ni da ido, ya riga ni da cewa komai lafiya lau. Na ce su biyo ni. Na kai su bayan gida, na buɗe famfon da ya shekara uku bai ɗigo ba, na tsaya a gefe har suka gama ɗaukar hoto.

Ba wai na canza ba ne. Tambaya suka yi.