Wuƙar da Na Yi wa Dominic

Litinin, 5 ga Yuni
Kwana tara da binne ƙanena Sati. Mashin ja irin nasa ya hau a kasuwar Samaru, makullinsa kuma ya tayar. Dominic, mai mashin ɗin, ya yi ihun ɓarawo. Duwatsu, taya, fetur. Mashin ɗin Sati na nan gefe, taku biyar kawai.

Alhamis, 8 ga Yuni
Na yanko sifirin ɗin mota a shagon waldata. Ya fara zama wuƙa. Wallahi sai na farke cikin mutumin nan.

Lahadi, 11 ga Yuni
Bayan sujada Mama Lucia, tsohuwar malamarmu ta makarantar Lahadi, ta kama ni ina bin annabce-annabcen ƙone Babila da jan biro. Ta ce, "Japheth ɗana, Babilar nan ba a taswira take ba, a ƙirjinka take. Kowace safiya ka rufe ido, ka shiga, ka ƙone ta. Amma ka duba fuskar kowa." Tsufa dai! Ni na san tawa Babilar, a Hanwa take haya.

Laraba, 14 ga Yuni
Na gwada. A zuci na kashe Dominic sau uku kafin in sha koko. Daɗi!

Juma'a, 16 ga Yuni
Yau na duba fuskoki yadda ta ce. Taron ya buɗe, ga mai gungura taya, sanye da tabaran walda. Ni ne. Kasuwar Sabon Gari, shekara shida ke nan. Wani mai koriyar riga da muka kewaye yana ta "Ku tsaya in yi bayani." Ko sunansa ban tambaya ba.

Asabar, 17 ga Yuni
Duk da haka na je Hanwa, wuƙa a ƙugu. Dominic na tsugune yana wanki, ya rame ƙwarai. Ya gan ni, bai gudu ba. Ya ce, "Ka zo?" Hannuna ya ƙi. Tsinannen hannu.

Talata, 20 ga Yuni
Ƙofar Mama Lucia ta ɓalle, na yanka wuƙar biyu na yi mata maƙalai. Ba wai na yafe ba, ƙarfen ne mai kyau. Gobe zan shiga kasuwar Sabon Gari in tambayi tsofaffin 'yan taya ko wani ya san gidan su mai koriyar riga.