Ja Tara a Gaban Sunan Farfesa

Litinin, 5 ga Mayu

Anti ta laburare ta saka mini wani ɗan ƙari a manhajar da nake tara manazartan kundina. Fulogin take ce masa. Da ta sake buɗe manhajar sai ga sababbin layuka a gaban kowace maƙala: nawa ne suka ambace ta kawai, nawa suka goyi bayanta (da kore), nawa suka musanta ta (da ja). Na ce, "Anti, wannan ai gulmar malamai ce aka zuba a kwamfuta." Ta yi dariya har wani mai karatu ya yi mana tsaki.

Na dawo gida ina ta hawa da sauka a ciki kamar wadda aka bar wa wayar wani a buɗe.

Laraba, 7 ga Mayu

To fa!

Maƙalar Farfesa, mai duba kundina. Wadda ya ce kujera mai ɗan karkata gaba tana rage wa teloli ciwon baya. Wadda ya sa muka haddace kamar karatun firamare, wadda babina na biyu gaba ɗaya yake zaune a kanta. Kore biyu. Ja TARA.

Gaskiya daɗi na ji, ba zan yi wa kaina ƙarya a nan ba. Mutumin da ya mayar mini da babi ɗaya sau ba adadi saboda waƙafi.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na ƙara sakin layi ɗaya: "Sai dai bincike tara sun saɓa wa wannan sakamako." Na jera su tsaf. Na karanta wa Yaya tana kan keken ɗinkinta, allura a baki. Ta cire allurar ta ce, "Ke Auta, mutumin da zai sa miki hannu shi za ki tona wa asiri?" Na ce ilimi ba ya jin kunya. Ta ce, "Shi ilimin yana da hutun karatu da zai ƙare a Yuli?"

Ba ta yi ƙarya ba. In Farfesa bai sa hannu kafin ƙarshen watan nan ba, babu kare kundi sai baɗi, ni kuma asibiti sun ce in dawo sashen gashin ƙashi a Yuli, ko da digiri ko babu.

Duk da haka na tura.

Talata, 13 ga Mayu

Ya kira ni ofis. Fankarsa mai ƙara, kujerar baƙin nan mai gurguwar ƙafa da yake ajiye mu a kai. Ya zana wa sakin layin jan biro daga sama har ƙasa, har takardar ta huje.

"Cire wannan."
"Malam, ba ni na ƙirƙira ba. Manhaja ce ta nuna."
"Manhaja ce za ta tsaya a gaban kwamiti?"

Na ce ba zan cire ba. Ya kalle ni ta saman gilashi, sannan ya ce, "Su taran nan, kin karanta su?"

Na ce na duba su.

Ya ce in na cire in dawo. Ya ci gaba da rubutunsa kamar na riga na fita.

Laraba, 14 ga Mayu

Ba zan cire ba. Ko sama da ƙasa za su haɗe.

Abokan karatuna sun rabu biyu. Masu cewa na burge su, a ɓoye. Masu cewa in cire in karɓi digirina, bayan nan in zage shi son raina. Dogo ya ce shi tun da ya fara nasa kundin bai taɓa rubuta "sai dai" ba, kuma lafiyarsa ƙalau.

"Na duba su." Me ya sa ma ya tambaya haka?

Asabar, 17 ga Mayu

Na ce bari in sauko da taran in buga, in zube masa a tebur ya ga ba wasa nake ba. Anti ta taya ni nemo waɗanda ke kulle. Tana miƙo mini ta ce, "Kin san dai inji ne ke raba kore da jan nan ko? Jimla yake gani, ba ya zama ya karanta." Na ce na sani.

Ban sani ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Wuni guda a tsakar ɗaki, takardu ko'ina, Yaya tana tsallake su tana mita.

Ta farko kan direbobin manyan motoci ce. Sun ce sakamakonsu ya bambanta da na Farfesa, to ai dole, direba ba tela ba ne. Huɗu kan masu aikin ofis. Wata ma yabonsa take yi, ta ce sauran bincike ba su kai nasa tsari ba, inji ya ga "ba su" ya shafa ja. Biyu kuma mutum ɗaya ne ya buga abu ɗaya a wuri biyu, shi ma kan ciwon wuya.

Kunya ta ishe ni har na kasa cin abinci. Da na kai wannan gaban kwamiti, da sun yi rawa a kaina.

Amma ta tara. Wata mata ce ta yi, a masana'antar ɗinki, teloli mata zalla. Kujerar ba ta rage musu komai ba, wasu ma ƙaruwa ciwon ya yi, don ƙafarsu ba ta kaiwa fedal ɗin keken sai sun zamo gaba. Aiki mai kyau, ba inda za ka kama shi. Na koma maƙalar Farfesa, wannan karon da ido buɗe. Duk waɗanda ya auna maza ne. Yana nan a shafi na uku, shekara biyu ina wucewa ta kansa.

Na ɗago na kalli Yaya. Gajeruwa ce, a bakin kujera take zama, rabin jikinta a iska. Na ce, "Yaya, me ya sa ba kya jingina?" Ta ce, "In jingina wa zai taka mini?"

Alhamis, 22 ga Mayu

Na sake rubutawa. Ba tara ba, ɗaya. Amma shafi biyu ta ci, kuma ta fi taran zafi nesa ba kusa ba. Yaya ta ce, "Wato ya ce ki cire, kika ƙara masa." Eh.

Litinin, 26 ga Mayu

Na ajiye masa babin da maƙalar matar a sama. Na ce, "Malam, takwas ɗin na cire, ba su da tushe. Wannan kuwa ba zan cire ba, ko da zan kai baɗi."

Bai ce in zauna ba, ni ma ban zauna ba. Ya karanta ta tun daga farko har teburan ƙarshe, yana bi da yatsa. Da ya gama ya cire gilashin ya murza idonsa, sai na ga ashe ya tsufa.

"A lokacin matan a gida suke ɗinki," ya ce. "Ba mu samu shiga ba." Ba da ni yake ba sosai.

Ya jawo takardar ya sa hannu. Ya ce, "Ranar kare kundin za su tambaye ki ko kina nufin malaminki ya yi kuskure. Ba zan taimake ki ba." Na ce ban roƙa ba. Ya ce, "Kuma kada ki sassauta don ina zaune a wurin."

Na fito na daɗe tsaye a matakala. Haushi ne, ina ji.

Juma'a, 30 ga Mayu

Dogo ya kawo kwamfutarsa in saka masa fulogin, wai yana son ganin jan nasa malamin. Na saka masa. Na ce duk wanda ya gani ya buɗe ya karanta kafin ya buɗe baki, ya ce na fara magana kamar wani.

Ni dai na ɓoye layukan a tawa. Allon ne ya yi ƙanƙanta, sunayen maƙalun ba sa fitowa duka. Shi ke nan dalili.